Fagge da Sabon Gari: Ina mafakar jama'a ranar da komai ya tsaya?

A ƙarshen watan Oktoban 2024, Kano ta shafe fiye da mako guda babu lantarki bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa. A Fagge da Sabon Gari abin bai tsaya ga duhu ba. Injinan rijiyoyin burtsatse sun tsaya, 'yan garuwa suka ƙara kuɗi, cajin waya kuwa sai an bi layi.

Ba yau farau ba. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. A Afrilun 2020 dokar kulle ta korona ta rufe jama'a a gida. A Agustan 2022 ruwa ya mamaye Kantin Kwari, ya lalata atamfa da shadda. Kowane karo sai an yi asara sannan a kafa kwamiti.

Ƙaramar hukumar Fagge na da mazaɓu goma. Ya kamata kowace ta samu gini ɗaya da zai riƙe kansa na kwanaki, ko babu KEDCO, ko babu ruwan famfo. Ba sai an nemi sabon fili ba, don fili ya yi wuya a nan. Makarantar firamare, asibitin sha-ka-tafi, harabar masallacin Juma'a ko ta coci duk za su iya, in an gyara su.

Gyaran kuwa sananne ne. Farantan sola da batira da za su ɗauki famfon rijiya, firjin magani da wurin caji. Daɓe mai tudu, sama da inda ruwa ke kaiwa idan Jakara ta cika. Banɗaki na maza da na mata. Ƙofofi masu faɗi da hanyar da motar kashe gobara za ta shiga. Sai tankin ruwan sama: rufi mai murabba'in mita 500, a daminar da aka samu milimita 800, ruwan da ke sauka a kansa ya kai lita 400,000, wanda yanzu kwata yake tafiya.

Ba baƙon ilimi ba ne. Tun 2018 aka fara bai wa shagunan kasuwar Sabon Gari wutar sola ƙarƙashin shirin hukumar REA. Gidan Makama kuma shaida ne cewa katangar ƙasa mai kauri da rufin azara na sanyaya ɗaki ba tare da fanka ba.

Masu cewa babu kuɗi, ko kuma za a sace batiran, suna da hujja. Amma maganinsa shi ne ginin ya zama na yau da kullum, ba a kulle shi ana jiran masifa ba. A riƙa sayar da ruwa da caji a farashi mai sauƙi, kuɗin su tafi gyara, ƙarƙashin kwamitin da ya haɗa masu unguwanni, limamai, fastoci, mata da 'yan kasuwa.

Ya rage ga ƙaramar hukuma, KNUPDA da SEMA su fara da gini biyu, ɗaya a Fagge ɗaya a Sabon Gari, kafin damina mai zuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.