Abin da tseren motoci zai iya koya wa injiniyoyin Jigawa

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Birnin Kudu zuwa Gwaram ya san kanikawan bakin titi, masu gane ciwon inji da kunne kawai. Basira ce ta gaske, sai dai tana da iyaka, domin motar zamani kwamfuta ce ke sarrafa ta, kunne kuwa ba ya karanta lissafi. A ganina lokaci ya yi da Jigawa za ta tura kaɗan daga cikin injiniyoyinta su yi digiri na biyu a fannin ƙera motocin tsere.

Na san wani zai ce almubazzaranci ne, tunda rabon Afirka da ganin gasar Formula 1 tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu. Amsata ita ce, ilimin da ke bayan tseren muke bukata. A jami'ar Cranfield da ta Oxford Brookes a Ingila, inda mafi yawan ƙungiyoyin gasar suke da masana'antunsu, ɗalibi kan shafe shekara guda yana nazarin yadda iska ke bi ta jikin mota, da yadda ake rage nauyi ba tare da rage ƙwari ba, da sarrafa batir, da karanta bayanan da na'urori ke aikowa daga inji. Injin Formula 1 ya kai ga mayar da fiye da rabin ƙarfin man da ya sha zuwa motsi, abin da injin motar haya bai kusanta ba. Dokokin gasar na 2026 kuma sun tanadi kusan rabin ƙarfin motar ya fito daga lantarki. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, babu tambayar da ta fi damun direban Gwaram da manomin rani mai injin ban ruwa kamar yadda lita ɗaya za ta yi aikin biyu.

Muna da misali a gida. Jelani Aliyu ya tafi Detroit ta Amurka da tallafin karatu na jihar Sakkwato, ya zana samfurin motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, sannan a 2017 ya dawo ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma sun ƙera ƙaramar mota don gasar Shell Eco-marathon, wadda ake cinye ta da tsimin mai.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na kuɗi. Karatun yana cin dubun-dubatar fam, jihar kuma tana fama da ƙarancin likitoci, don haka ba laifi ba ne da ta fi mayar da hankali kan masu karatun likita. Akwai kuma fargabar wanda aka tura ya samu aiki can ya ƙi dawowa. Saboda haka sai an gindaya sharuɗɗa: mutum biyu ko uku a shekara, waɗanda aka zaɓa ta jarrabawa a fili, da yarjejeniyar dawowa su koyar a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Ɓaɓura ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse. Kafin nan, a fara da mai sauƙi, wato a ba ɗaliban injiniya kuɗin ƙera motar gasa guda kowace shekara, a sa kanikawan Birnin Kudu cikin aikin, su kawo gwanintar hannu, ɗalibai su kawo lissafi. Wanda ya yi fice a wannan aiki shi ya cancanci a biya masa kuɗin jirgi zuwa Ingila.