Ina Amfanin Kansila Ba Kuɗi a Hannu?

A shekarar 1976, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta rushe tsarin En'e ta kafa ƙananan hukumomi, an yi wa talakawa alkawari cewa mulki zai sauko har ƙofar gidansu. Mutumin ƙauye a ƙasar Ɗambatta ya ji, ya kuwa gaskata.

Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da kwashe shara, da hanyoyin cikin gari, da sa hannu cikin makarantun firamare da ɗakunan shan magani. To, amma kuɗin yin waɗannan ayyuka sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa da Gwamnatin Jiha. Saboda haka kansila, wanda shi ne jama'a ke gani wurin suna da jana'iza, sai ya zama mai karɓar kuka kawai. Rijiya ta ƙafe, shi za a tarar. Kwalbati ya karye da damina, manomi ya kasa kai hatsi kasuwar Ɗambatta ran Lahadi, shi za a zaga.

Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Madalla. Sai dai hukunci ba ya haƙa rijiya. Ya kamata shugaban majalisar Ɗambatta da kansilolinsa su riƙa liƙa takarda a ƙofar sakatariya kowane wata, mai nuna abin da ya shigo, har da kuɗin kasuwa, da inda aka kashe shi, mazaɓa-mazaɓa.