A Fara Rubuta Mutum Kafin a Nemo Fuska



Bayan Ƙaramar Sallah wani furodusa ya sauka a nan Nasarawan Doya da kyamara da yaransa uku, ya ce yana neman sababbin fuskoki domin fim ɗin barkwanci da zai riƙa sakawa a YouTube. Aka taru a wani fili bayan La'asar. Mu 'yan ƙungiyar marubuta muka je da zumuɗi, har da waɗanda suka taho daga Hunkuyi da Ikara, don mu ga yadda ake tantance 'yan wasa. Ba a ba kowa takarda ya karanta ba. Ba a faɗi labarin ba, domin babu shi. Sai dai a kira mutum a ce ya yi magana, ya juya, ya taka. Cikin matasan akwai masu jan ragamar tashe duk azumi, akwai wanda in ya kwaikwayi cinikin dillalan rake na kasuwar Maƙarfi sai ka riƙe ciki. Duk an tsallake su. Aka ɗauki wani yaro mai i'ina da wani gajeren bawan Allah. Da aka gama, furodusan ya juyo wajenmu ya ce, "To marubuta, ga mutanena nan. Ku haɗa mana wani abu kafin jibi."

Mun ƙi. Sun yi fim ɗinsu ba da mu ba. Yau yaron nan ba ya ratsa kasuwa sai yara sun bi shi suna maimaita kalmar da ta sarƙe masa a gaban kyamara. 'Yan kuɗin da aka ba shi ba su yi mako ba, sunan da aka laƙa masa kuwa yana nan.

Abin da muke ƙalubalanta ke nan: a yawancin finafinanmu na barkwanci ana zaɓen ɗan wasa kafin a san labari. Da zarar an yi haka, ba abin da ya rage a yi wa dariya sai abin da ido ya gani ko kunne ya ji tun ranar tantancewa, wato tsawo, ƙiba, haƙori, i'ina, ko karin harshen Bagwari da Bafulatani da baƙauye. Marubucin da aka kira daga baya ya zama tela, an kawo masa mutum ya auna.

Wannan ɗabi'a tana da tarihi. A zamanin kaset da faifan CD, 'yan kasuwar fim na Ƙofar Wambai a Kano sukan duba fosta kafin su zuba kuɗi. Fuskar da ta fi kowace sayar da camama ita ce ta marigayi Rabilu Musa Ibro, har sunayen finafinan suka koma Ibro kaza: Ibro Awilo, Ibro Usama. Sunan ɗan wasa a gaba, labari a baya. Hakan ya yi aiki saboda Allah Ya ba Ibro baiwa; za a iya ajiye shi gaban kyamara da layi biyu ya cika fitowa guda. Ya rasu a Disamba 2014. Masu shirya fim suka gaji hanyar, amma baiwa ba a gadonta. Yanzu kuma adadin mabiya a TikTok ya maye gurbin fosta.

Mun san abin da furodusa zai ce. Kuɗinsa ne, kuma mai kallo sananniyar fuska yake dannawa. Zai ƙara da cewa barkwanci ba a rubuta shi, a baki yake zuwa. Maganarsa ta farko tana da ƙamshin gaskiya, ba mu ce a kori Bosho ko Daushe ko Mai Sana'a ba. Ta biyun ce ba mu yarda da ita ba. A dubi Gidan Badamasi na tashar Arewa24, wanda Nazir Adam Salih ya rubuta, Falalu Ɗorayi ya ba da umarni. Abin dariyar a ginin labarin yake: tsoho mai dukiya da tarin 'ya'yan da kowanne idonsa na kan gado, kowa da irin kwaɗayinsa. Duk wanda ya san gidan gandu ya san su. A dubi kuma Mista Bin na Ingila, da kusan ba ya magana. Shirin ya fara a 1990, kashi 15 ne kacal, kuma Rowan Atkinson da marubuta irin su Richard Curtis suka zauna suka tsara shi. In wanda ba ya magana ya bukaci marubuci, ina ga mai surutu?

Ko a gida Kaduna muna da darasi. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023, soja ne na gaske kafin ya zama sojan wasa. Hausar bariki da tsawar da yake yi wa ƙananan sojoji daga rayuwar da ya sani ya ɗebo su, shi ya sa tsofaffin sojoji ma suke dariya ba sa jin an ci musu fuska. Marigayi Ƙasimu Yero, da ya rasu a 2017, ba halittarsa ce ta sa ake tuna Karambana ba, halin shisshigin da ya ɗora wa kansa ne. 'Yan kama na gargajiya ma da hikimar baki suke cin abinci. Kuma wasan da ke tsakanin Bazazzagi da Bakano, ko Bafulatani da Babarbare, yana da ƙa'ida: kowa yana da bakin ramawa. Yaron da aka ɗauka don i'inarsa, da me zai rama?

Ranar wanka ba a ɓoye cibi, mu ma muna da laifi. Sau nawa muka karɓi irin wannan kwangila don sunanmu ya fito a allo? Sau nawa a littattafanmu na intanet muka saka ɗan ƙauye don kawai ya sha ruwan wanke hannu a gidan masu kuɗi? Mu da muka tashi a gonakin rake da tumatir, mun fi kowa sanin cewa manomin da ya iya ciniki da 'yan sarin Kudu ba wawa ba ne.

Don haka ga abin da muke kira gare shi. Kafin a ambaci sunan kowane jarumi, marubuci ya rubuta mutumin: me yake so, me yake ɓoyewa, wace ƙarya yake yi wa kansa. Ya fitar da fitowa guda mai shafi ɗaya ko biyu da za a gwada masu neman rol da ita, a haɗa su biyu-biyu, domin ba a gane ɗan barkwanci sai an ga yadda yake saurare da lokacin da yake mayar da magana. Marubucin ya nemi a zauna da shi ranar tantancewa, ya sa wannan cikin sharaɗinsa tun kafin a yi maganar kuɗi. Sannan ya gwada kowace fitowa da tambaya ɗaya: in aka ba wani mai jiki daban da murya daban wannan rol ɗin, za a yi dariya? In amsar a'a ce, ba a rubuta komai ba tukuna.

Ba mu ce a hana gajere ko mai i'ina fim ba. A ba shi rol ɗin mai gida, ko alƙali, ko wanda ya fi kowa wayo a labarin, a kuma ɗauke shi don ya ci gwaji kamar kowa.

Za a ce mana wani zai karɓi aikin da muka ƙi. Ƙwarai, an ma karɓa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma labarin da aka haɗa "kafin jibi" ba ya kai wata guda a zukatan mutane. Mu a nan mun fara rubuta gajeren wasa a kan rigimar dillali da manomi, za mu gwada shi da matasan tashen nan da aka tsallake, in Allah Ya kai mu bayan girbi. Yaron nan ma mun gayyace shi, in ya yarda ya dawo gaban jama'a.

Allah Ya sa mu gyara.