Harshen Littafi Daban, Na Titi Daban

Tun 1945 da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Jami'ar Landan ƙaro ilmi, 'yan Bauchi ke fita waje neman sani. Muna tanadin fasfo da biza da rigar sanyi, amma a ganina akwai guzurin da muke mantawa, wato harshen mutanen gari.

Ni ganau ne. Na bar Fadaman Mada zuwa Alƙahira ina taƙama da nahawu da sarfu. Ranar da na sauka, na yi wa direban tasi Larabcin littafi, ya yi murmushi ya amsa, ban tsinci ko kalma biyu ba. Ashe Bamisiren Alƙahira "ga" yake furta harafin jimun, ƙafun kuma ya mai da shi hamza. Burodin da na sani da "khubz", a can "aish" ne. Haka na biya kuɗin mota fiye da ƙima, na kwana da yunwa, ga kuɗi a aljihu.

Wani zai ce ai daidaitaccen harshe ake jarrabawa da shi. Gaskiya ne, amma sai ka ci ka sami masauki kafin ka shiga aji. Mu ma baƙon da ya koyi Hausa a littafi, kai shi kasuwar Wunti ka sha kallo.

Don haka 'yan'uwana ɗaliban harshe, kafin tafiya ku nemi waɗanda suka dawo, ku saurari finafinan ƙasar, ku horar da kunne. Allah Ya sa mu dace.