Kafin ka karɓi kuɗin wani don nemo kayan tsohuwar mota a Dubai

'Yan uwana 'yan ci-rani na Dubai, Sharja da Ajman. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake bakin aiki ya ajiye shi sai ya koma ɗaki, kar arbab ya gan ka da waya a hannu ka ce ni na ja maka.

Duk wanda ya shekara a ƙasar nan ya san irin saƙon da ke shigowa daga gida. Turare, waya, abaya, agogo. Waɗannan masu sauƙi ne, ka shiga Deira ka fito da su a leda. Amma akwai saƙo guda da nake ganin yana ɓata tsakanin mutane fiye da sauran, shi ne kayan gyaran tsohuwar mota. Wani Alhaji ya tuna da Fijo 504 ta mahaifinsa da ke jibge a bayan gida shekara ashirin, kaji na ƙwai a cikinta, yanzu Allah ya hore masa yana son ya tashe ta ta koma kamar ranar da aka sayo ta. Sai a ce masa ai ɗan wane yana Dubai, can babu abin da babu. Sai ka ji waya: "Ɗana, kafireta kawai nake nema da fitilun baya, turo lambar asusu." Kai kuma kunya ta hana ka cewa komai sai "to Baba, in sha Allahu".

Ra'ayina a nan, kuma ina faɗa da ƙarfi: kar ka karɓi ko sisi sai ka san takamaiman abin da ake nema da lambarsa, kuma sai ka tabbata Dubai ce ma wurin nemansa. Ni ba makaniki ba ne, lodi nake yi a wani siton kago, amma ta hannunmu kayan nan ke wucewa, kuma a gabanmu ake rigimarsu in sun isa gida ba su hau ba.

Mu fara da ita Fijon, tunda ita aka fi tambaya. An fito da 504 a Faransa a 1968, Turawa suka daina ƙera ta a ƙasarsu a 1983. Mu kuwa kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara aiki a 1975, kuma sai da aka shiga shekarun 2000 ana haɗa 504 a can. An haɗa ta a Kenya, an ƙera ta a Ajantina har 1999. Ma'ana, motar nan ta fi daɗewa a hannunmu fiye da hannun masu ita. To ina kake tsammanin gawarwakinta suka fi yawa? Suna Panteka a Kaduna, suna Ƙofar Ruwa a Kano, suna Ladipo a Legas, suna Katako a Yamai. Nan Imarat kuwa ƙasar Toyota da Nissan ce. Ka yini kana yawo a Sana'iyya ta Sharja kana cewa "fayif-o-fo", yaron shago ɗan Afganistan da aka haifa bayan an daina ƙera motar zai yi ta kallon ka ne kawai. Sau da yawa taimakon da ya fi wanda za ka yi wa Alhaji shi ne ka ce masa: Baba, abin nan yana kusa da kai, a tura yaro Ƙofar Ruwa ya tambayi dattawan layin Fijo. Ba rowa ba ce, ba ƙin aike ba ne. In ya ji haushi yau, gobe zai gode.

In kuwa sabon abu dal yake so na asali, kamfanin Peugeot yana da gidan tarihi a garin Sochaux na Faransa, kuma ɓangaren da ke kula da shi yana sayar da wasu kayan tsofaffin motocinsu ta intanet. Wannan ɗan Alhaji da ke jami'a zai iya dubawa daga ɗakinsa, ba ya buƙatar kai ka kashe ranar hutunka.

Inda Dubai da Sharja ke da amfani da gaske shi ne Land Cruiser, Nissan Patrol da tsohuwar Marsandi. Larabawan nan suna son waɗannan kamar yadda mutanenmu ke son doki. Mota in ta kai shekara 30 ana iya yi mata rajista ta musamman ta motocin tarihi, kuma akwai gareji-gareji a Al Quoz da ba su da aiki sai tashin irinsu. Wannan yana da daɗi da rashin daɗi. Daɗin, ana samun kaya da masu sani. Rashin daɗin, mai shago ya san darajar abin da ke hannunsa, ba zai sayar maka da sitiyarin Land Cruiser ta 1978 a kuɗin ƙarfen bola ba. Wanda ya aiko ka yana lissafi da tunanin tsohon abu ai arha ne. A harkar nan tsufan shi ne tsadar. Ku tuna a 2011 an yi gwanjon farar 504 ƙirar 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Ahmadinejad, aka ruwaito an saye ta wajen dala miliyan biyu da rabi. Ita dai sunan mai ita aka saya, kar Alhaji ya ji ya fara lissafin gina bene da tasa.

Yanzu maganar lamba, wadda ita ce ƙashin bayan rubutun nan. Sunan mota da shekara ba sa isa. 504 kaɗai akwai mai injin 1.8, akwai 2.0, akwai dizal, akwai salun, akwai doguwa ta haya, akwai a-kori-kura, kuma kayansu ba duka ke shiga juna ba. Ka ce a buɗe bonet a nemo ɗan farantin ƙarfen da aka buga lambar casis a kai, a goge shi da fetur, a ɗauki hoto da rana, ba da tocila ba. Motocin kafin 1981 galibi ba su da lambar nan mai harafi 17 da aka saba gani yanzu, tasu gajera ce, don haka in mai shago ya buga a kwamfuta ya ce babu ita, ba wai motar ta bogi ba ce, manhajarsa ce ba ta kai can baya ba.

Sannan ko lambar casis ɗin kar ka dogara da ita ita kaɗai. Motar da ta yi shekara arba'in a hannun makanikanmu ba ita ce wadda ta fito daga kamfani ba. An taɓa sauke injin an ɗora na 505, an canza giyabos, an ɗaura kafiretar wata motar an cike da walda. Takarda tana faɗin abu ɗaya, cikin bonet yana faɗin wani. Saboda haka a kwance ainihin abin da ya lalace, a wanke, a ɗauke shi hoto ta kowane gefe da tef ɗin awo a kusa da shi, a ƙirga ramukan noti, a nemo lambar da aka buga a jikinsa. Na Toyota yawanci lamba goma ce, biyar a gaba biyar a baya. Na Marsandi yakan fara da harafin A sannan lamba goma, kuma sau da yawa ukun farko suna nuna ƙirar motar, kamar 123 ga wadda aka yi daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980. In abin ƙarami ne, mafi kyau a ba wani mai tahowa ya riƙo maka shi, ka ajiye shi kan kanta kusa da wanda za a ba ka. Gani ya kori ji.

Kuma don Allah ka yi magana da makanikin da zai ɗaura abin, ba da mai motar ba. Mai mota zai ce maka "wancan abin da ke kusa da lagireto". Makaniki zai faɗa maka ko na hagu ne ko na dama. Ka sa ya yi maka saƙon murya a WhatsApp ka ajiye. Ranar da aka ce ba shi aka ce ka sayo ba, muryarsa ce shaidarka.

Wani tarko da ke kama mutane a Sharja: yawancin kayan da ke jibge a Sana'iyya da Saja'a daga Japan ake sauke su, motoci ne da aka yanka biyu aka loda a kwantena. Japan kuwa sitiyarinsu a dama yake. Najeriya ta koma tuƙin hannun dama tun Afrilun 1972, wato sitiyari a hagu, haka Nijar, haka nan Imarat. Injin zai iya hawa, amma akwatin sitiyari, dashbod, fitilun gaba da wasu wayoyi ba za su yi daidai ba. Mai shago zai ce maka "sem-sem", ya rantse. Shi a wurinsa komai sem-sem ne har sai ka biya. Ka tambaya daga wace ƙasa motar ta fito, in ya yi inda-inda ka wuce gaba, shaguna ba su ƙare ba.

Ba komai ake sayen tsohonsa ba kuma. Ƙofa, bamba, gilashi, hannun ƙofa, tambarin gaba, waɗannan tsohon asali ya fi sabon kwaikwayo nesa ba kusa ba. Amma duk abin da yake roba ne, tiyon birki, robar gilashi, fanbel, gaskit, in ya shekara talatin a zafin ƙasar nan ya mutu ko da ba a taɓa ɗaura shi ba. Kayan birki musamman, ran mutane ne a kai, sabo za a nema. Masu Land Cruiser ƙirar 40, wadda aka yi daga 1960 zuwa 1984, su sani cewa a 2021 Toyota ta sanar za ta koma ƙera wasu kayanta, don haka a fara tambayar dilan Toyota kafin a shiga bola. Ita ma Marsandi tana da sashen tsofaffin motoci a Jamus. Sannan kwali mai kyau ba shaida ba ne, kwalin ma bugawa ake yi.

Bayani kuwa, kyauta yake ga mai haƙuri. Akwai littattafan gyara irin na Haynes masu zanen kowane noti, ko ba ka iya Turanci sosai ba zanen zai yi maka magana. Akwai gidan tarihin tsofaffin motoci a Sharja ta hanyar filin jirgi, in kana son ka ga yadda abu yake a asalinsa kafin hannu ya taɓa shi. Sai kuma dattawan makanikai 'yan Pakistan, Indiya da Sudan da suka yi shekara talatin a garejin nan. Ka je da ladabi bayan la'asar, ka sayi shayin karak na dirhami ɗaya ko biyu, ka nuna hoto. Abin da dattijo zai faɗa maka a minti biyar, yaron kanta ba zai faɗa maka a wata ba.

To ka samu abin, saura kai shi gida, nan ne fagena. Kagon jirgin sama ba ya son duk abin da ke da ragowar fetur ko mai a ciki. Tankin mai, kafiretar da ba a wanke ba, batir, shakazoba mai gas, duk suna iya sa a dawo da kwalinka ko a riƙe shi. Injin da giyabos sai an tsiyaye su tas, kuma hanyarsu jirgin ruwa ce, wata da watanni. Bamba da gilashi ba su da nauyi amma suna cin wuri, kuma kago yana cajin girman kwali in ya fi nauyinsa. Sau nawa ina ganin kuɗin aikawa ya ninka kuɗin kaya. Ka je ka tambayi kuɗin kago da na kwastan kafin ka faɗa wa mai saƙo farashi, ba bayan ka saya ba. Gilashin gaba kuwa, in ba za a yi masa akwatin katako ba, ka bar shi inda ka gan shi.

Sai maganar da ba a son yi, kuɗin wahalarka. Yawancinmu rana ɗaya muke da ita a mako. Ka hau bas daga Union zuwa Al Jubail, ka nemi tasi zuwa Sana'iyya, ka yi yawo a rana, watakila sau uku kafin a dace. Wannan aiki ne. Abin da wasu ke yi shi ne su yi shiru su ɗora ɗari biyu a kan farashi su ce haka aka sayar. Ni ban yarda da wannan ba. Wanda aka aika wakili ne, abin da ya saya a kan dirhami 300 ba zai ce 500 ba, duk mun san wannan tun muna gaban malam. Kuma yanzu kowa na da waya, wata rana zai ga farashin, daga nan sunanka ya ɓaci a unguwa har ya shafi iyayenka. Ka faɗa tun farko: Alhaji, kuɗin mota da la'adata kaza ne, ko an samu ko ba a samu ba kuɗin mota ya tafi. Wanda ya ga ya yi yawa ya nemi wani. Ka karɓi rasit mai sunan shago da harajin kashi 5 da ake caja tun 2018, ka ɗauki bidiyon kayan a gaban mai shago, ka tura kafin ka biya, ya ce "saya" da bakinsa. Ka kuma tambaya ko ana mayarwa da kwana nawa, a rubuta a jikin rasit, duk da kayan da ya kai Kano ba ya dawowa Sharja. Lissafi kuma a dirhami za a yi shi. Dirhami a ɗaure yake da dala, wajen 3.67, naira kuwa kafin ka gama yawon nema ta motsa, kar giɓin ya faɗo kan albashinka.

Ƙarshe, ku tuna da bizar da ke jikin fasfonmu. Sayo wa kawunka fitila biyu saƙo ne. Amma ka buɗe shafi kana tallan kaya, kana karɓar kuɗin mutane goma, kana tara injina a ɗakin kamfani, wannan ya zama kasuwanci, kuma ƙasar nan ba ta wasa da kasuwanci babu lasisi. 'Yan Najeriya mun ga yadda aka rufe mana biza daga 2022 sai a Yulin 2024 aka buɗe, wanda ya fita yanzu ba lallai ya dawo da sauƙi ba. In ka ga harkar tana karɓar ka, ka haɗa kai da shago ko kamfanin kago mai lasisi, kuɗi ya bi ta hannunsu da takarda, ko ka tara ka yi naka lasisin.

Wanda aka riga aka turo masa kuɗi kuma har yanzu babu lamba babu hoto, ya kira yau ya ce a kwance abin a ɗauka. In an ce makaniki ya yi tafiya, ka mayar da kuɗin su zauna a hannun mai su har ya dawo.