Filin lafiyar jiki: In ƙarfin ɗan kokowa ya tsaya lokacin rage teɓa

An gama aikin gona, hatsi ya shiga rumbu, ganga ta fara kiran samari filin kokowa. Tun 1975 da aka yi kokowar takobi ta farko a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, kowane saurayi mai ji da ƙwanji yana mafarkin shiga cikin ƴan kokowa 10 na jiharshi. Kokowar takobi ba a duba nauyin mutum. Amma kokowar ƙasashen CEDEAO rukuni-rukuni ce: kilo 66, 76, 86, 100 da 120. Saboda hakanan samari da yawa ke neman rage teɓa, waɗansu don shiga rukuni, waɗansu don tumbi ya hana su sauri.

To, ga inda matsala take. Saurayi ya rage abinci, yana ɗaga buhun yashi da ƙarfen siminti kullum. Mako 3 ko 4 abu yana tafiya daidai. Daga nan sai ƙarfi ya tsaya cik. Nauyin da yake ɗagawa sau 8, yanzu sau 6 da ƙyar. Wanda yake kayarwa jiya, yau shi ke turza shi. Sai ya ce ragganci ne, ya ƙara gudu cikin rana, ya daina cin tuwon dare. Wani ma ya ce sammu ne aka yi mishi. Alhali abin daga cikin tukunya yake da kan tabarma.

Dalili kuwa shi ne: horo yana gajiyar da tsoka, abinci da barci su ke gyara ta har ta fi da ƙarfi. In abinci ya kasa ƙwarai, jiki ba ya cin kitse kaɗai, har tsoka yake ci. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ga abubuwa 5 da ya kamata a kiyaye.

1. A rage nauyi sannu-sannu. Kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na nauyin jiki a mako. Mai kilo 90 da ke son komawa 86, rabin kilo a mako ya ishe shi, watau mako 8. A 2011 masana a ƙasar Norwej sun gwada ƴan wasa kashi biyu, dukansu suna ɗaga ƙarfe. Waɗanda suka rage sannu-sannu tsokarsu ta ƙaru, masu gaggawa kuwa tasu ba ta ƙaru ba. Wanda ya san ranar gasa, sai ya ƙirga makonni ya fara da wuri.

2. A san abin da za a rage. Abin ragewa shi ne sukarin shayi, lemun kwalba, fanke da soye-soye, da man da ake malala ma shinkafa. Cokalin mai ya ninka cokalin gari wajen sa ƙiba. Abin da ba a taɓawa shi ne abinci mai gina tsoka, wanda likitoci ke ce ma furotin. Mai ɗaga nauyi yana bukatar garam 1,6 zuwa 2 ga kowane kilo na jikinshi. Ga mai kilo 90, wajen garam 150 ke nan a yini. Ba sai da nama kullum ba. Ɗanyen wake garam 200 yana ba da wajen 46, ƙuli-ƙuli garam 100 wajen 40, hatsi garam 300 wajen 33, ƙwai 3 wajen 18, rabin litar nono wajen 16. In an haɗa, an kai. Awara, fara, kifi da kilishi duk suna cikin layi. A raba shi ci 3 ko 4, kuma a sha fura ko a ci tuwo awa 2 kafin horo, domin hatsi shi ne itacen da ke hura wutar aiki.

3. A riƙe nauyi, a rage yawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a aje babban buhu a koma ƙarami ana ɗagawa sau 30, wai don kitse ya narke. Nauyi mai tsanani shi ke gaya ma jiki cewa ana bukatar tsokar nan, kada ya cinye ta. Wanda ke yin zagaye 6 sai ya koma 4, amma da nauyin da ya saba, sau 4 zuwa 8 kowane zagaye, da hutun minti 2 ko 3 tsakani. Kwana 3 a mako sun isa, tunda ga kokowa kanta. In za a ƙara, a ƙara kaɗan: kilo 1 na yashi cikin buhu, ko ɗagawa guda bisa na makon jiya.

4. A huta. Barcin awa 7 zuwa 9 rabin horo ne. A 2010 an yi gwaji a Shikago ta Amurka: mutane masu rage abinci, da aka rage musu kwanciya daga awa 8 da rabi zuwa 5 da rabi, kitsen da suka zubar bai kai rabin na da ba, sai tsoka ta tafi. Hirar fada da shayi har tsakar dare tana kayar da bajini tun bai shiga fili ba. Hakanan kuma, bayan mako 5 ko 6 na aiki, a yi mako guda na sauƙi: rabin horo, a ci a ƙoshi daidai wa daida. Sau da yawa bayan wannan mako ne ƙarfi ke tashi.

5. A rubuta. Kaye da bik sun isa. Ranar horo, nauyin da aka ɗaga, sau nawa. A hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin a karya, a auna ƙugu da igiya a ɗaure alama. Nan ne wanda ya shiga yaƙi da jahilci ya fi ɗan uwanshi, don ba ya aiki da tsammani. In ƙugu yana raguwa, nauyin da ake ɗagawa bai ragu ba, to ba tsayawa ba ce, riba ce: mai kilo 86 da ke ɗaga abin da yake ɗagawa yana kilo 90 ya fi da ƙarfi.

Gargaɗi ga samari: ɗaura leda a jiki a yi gudu cikin rana ba ya fid da kitse. Ruwa ne ke fita, in an sha ya komo, kuma ƙishirwa tana rage ƙarfi, tana iya taɓa ƙoda. Tramol da ƙwayoyin ƴan tebur suna ɓoye gajiya da ciwo ne kawai, har mutum ya ji rauni bai sani ba, daga baya ya kasa rabuwa da su. Wanda ya kiyaye duk abin da aka faɗa amma kasala ba ta sake shi ba, ko yana jin jiri da bugun zuciya, ya tafi likita a duba jini. Zazzaɓin sauro, tsutsar ciki da ƙarancin jini suna karya ƙato.

Masu horo da iyayen gidan ƴan kokowa, nauyi yana wuyanku. Yaron da ƙarfinshi ya tsaya, a tambaye shi abin da ya ci da lokacin da ya kwanta kafin a ƙara mishi buhu. Sannu ba ta hana zuwa. Allah shi ba mai rabo sa'a. Sai wata mai zuwa.