Wa Za Mu Tambaya Yanzu?

Makon jiya aka yi addu'ar arba'in ta kakarmu a gidanta da ke Makera, nan kudancin Kaduna. Ba ta lissafin shekaru da lamba. Takan ce da goyon ɗanta na fari ta baro Zazzau ta iso Kakuri, shekarar da aka buɗe masaƙar KTL, wato 1957. A bakin ƙofar masaƙar ta yi ta sayar wa ma'aikata koko da waina, kullum kafin asuba ta hura wuta, har ƙarfinta ya ƙare. Da wannan ciniki ta aurar da 'ya'ya, ta biya wa jikoki kuɗin makaranta, har da mai wannan shafi.

Amma babban abin da muka rasa shi ne salsala. Ba ta yi boko ba, sai dai ta riƙe zuriyarmu a ka: wa ya haifi wa, wa ya sha nonon wa, wa ya tafi Makka a ƙafa ya zauna a Sudan. Bayan rikicin shekarar 2000, da dangi suka ƙaura zuwa Tudun Wada da Rigasa, ta ƙi tashi. Mu muka riƙa ƙetaro gada muna tambayarta, kowa da waya a aljihu, babu wanda ya naɗi muryarta.

Ranar addu'ar maganar auren jikokinta biyu ta taso. Wata gwaggonmu ta ce tana jin kamar uwar yaron ta taɓa shayar da yarinyar. Aka yi tsit, muna kallon tabarmarta. An ɗage maganar.

Allah Ya jiƙanta.